Rubutun Braille da Samun Aiki: Me Binciken Ryles Ya Nuna, Me Kuma Aka Ɗora Masa?

Duk inda ake maganar koya wa makafi rubutun Braille, da wuya a tashi ba a ce "bincike ya tabbatar wanda ya iya shi ya fi samun aiki" ba. To, wane bincike ke nan? Sau da yawa idan ka bi sawun maganar, za ta kai ka ga wata takarda da Ruby Ryles ta wallafa a 1996 a mujallar Journal of Visual Impairment & Blindness.

Braille dai rubutu ne na ɗigo-ɗigo masu tudu da ake karantawa da yatsa. Louis Braille ne ya tsara shi a Faransa, ya fitar da shi a 1829. Kowane gida yana da gurbin ɗigo 6, waɗanda ke ba da siffofi 63.

Ryles ta nazarci manya 74 a jihar Washinton ta Amurka, masu shekara 18 zuwa 55, dukkansu da larurar gani aka haife su. Cikin waɗanda suka fara karatu da Braille, kashi 44 cikin ɗari ba su da aiki. Cikin waɗanda suka fara da rubutun tawada kuwa, kashi 77 ne. Tazarar ba ƙarama ba ce. Kuma akwai abin lura: yaron da ake bari da rubutun tawada galibi shi ne mai sauran gani, wanda za ka zaci shi zai fi samun sauƙin rayuwa. Sai ga shi abin ya juye. A nan Ryles ta cancanci yabo, domin ta taɓo tambayar da malamai ke fama da ita kullum.

Amma fa takardar tana da iyaka. Na farko, mutum 74 ne aka raba gida biyu. A ƙaramin rukuni irin wannan, mutum uku ko huɗu kawai su samu aiki, alƙaluman sun motsa sosai. Na biyu, ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Yaron da ya samu Braille da wuri, wataƙila ya dace da ƙwararren malami, da iyayen da suka tsaya masa, da makarantar da ta koya masa tafiya da sanda shi kaɗai. Wanne cikinsu ya kai shi ga aiki? Tsarin binciken ba zai iya rarrabewa ba. Na uku, a 1996 aka yi shi, kafin wayar hannu mai karanta rubutu da murya ta shiga aljihun mutane.

Irin wannan ce ta samu wata ƙididdigar da ta fi wannan yawo, wai ƙasa da kashi 10 na makafin Amurka ne ke karanta Braille. A 2022 Rebecca Sheffield da abokan aikinta suka bi asalinta, suka tarar ba ta da ƙwaƙƙwaran tushe. Ana ta maimaita ta ne har ta zauna.

Me ya haɗa mu da wannan? Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 na guraben aikin gwamnati, kuma duk mai neman a shirya makafi domin waɗannan gurabe zai nemi hujja. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama. Dattijon da idonsa ya rufe da girma ba ya cikin mutanen da Ryles ta nazarta, don haka ba da takardarta za a yanke masa shawara ba.

Kada a fahimce mu a baibai. Yaro makaho yana buƙatar Braille, domin sauraro ba ya koya masa yadda ake jera haruffa, ko inda aya take, ko shimfiɗa lissafi. Wannan hujja ta isa da kanta. Abin da ya rage shi ne masu bincike na gida su bibiyi ɗaliban makarantu irin ta makafi da ke Gindiri, wadda aka buɗe tun 1953, su gano wa ya samu aiki, kuma me ya kai shi.