Jaridun Kaduna Da Kunnen Mai Sauraro

Ya ku 'yan makaranta, wanda duk ya tsaya a bakin hanyar Barnawa da sassafe, sa'ad da ma'aikata ke haramar ƙetare gada su shiga cikin gari, zai ga wani abu wanda ya isa a yi tunani a kansa. Da wuya ya ga mai tafiya riƙe da jarida. Amma mai shayi yana nan da rediyonsa, tela da nasa, samari kuwa kowa da waya manne a kunne. Alhali garin nan na Kaduna ya yi shekaru shi ne uwar jaridun Arewa. Mutane sun saba cewa tsadar takarda da zuwan intanet su ne suka kashe jarida. Ban musa ba, amma a ganina akwai wani dalili wanda ya riga waɗannan, yana kuwa cikin irin Hausar da a ke rubutawa.

Sai mu koma farko. A shekarar 1932 Gwamnati ta fara fid da wata takarda mai suna Jaridar Nijeriya Ta Arewa, cikin harshe uku, watau Hausa da Larabci da Ingilishi. Maganar hukuma ce zuwa ga sarakuna da ma'aikata, talaka bai san tana yi ba. Jaridar da ta shiga zaure da kasuwa sai a watan Janairu na 1939 ta fito, a Zariya, ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo. Dokta Rupert East shi ne shugaban ofishin da ya haife ta, edita kuwa Malam Abubakar Imam, wanda ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin, wai za a miƙa ƙasar nan ga Jamus.

To, a nan ne na ke so ku lura. A zamanin nan masu karatun boko kaɗan ne ƙwarai. Mutum ɗaya ya kan sayi jarida da kwabonsa, da yamma ya zauna a ƙofar gida ya karanta da ƙarfi, jama'a suna kewaye da shi suna ji. Imam ya san haka, saboda haka bai rubuta don ido ba, don kunne ya rubuta. Ya kan ɗauko labarin yaƙin Ingila da Jamus, wanda ke can nesa, ya shimfiɗa shi da misalin da manomi zai gane, ya sa karin magana inda ya dace, ya yi ba'a inda ba'a ta fi wa'azi shiga. Jimlarsa tana da wurin numfashi. In mai karatu ya kai aya, mai sauraro ya riga ya kama ma'ana, ba sai an maimaita ba. Kuma ya buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa suka sami inda za su kai kuka a kan abin da ya dame su.

Kada ku ɗauka ba ta da aibu. Jaridar Gwamnati ce, da kuɗin Gwamnati, a kan yaƙi kuwa bakinta ɗaya da na Turawa. Wani lokaci gargaɗinta ya kan yi yawa, har ka ji kamar kana gaban malami da bulala. Duk da haka Imam ba ɗan amshin shata ba ne. A 1943, da ya tafi Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, ya ƙi sa hannu a takardar buƙatun da Dokta Azikiwe ya shirya, ya kuma je ya faɗa wa Lugga damuwar mutanen Arewa da bakinsa. Ya riƙe aikin edita har 1951.

Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 ya fid da ƙanwa ta Ingilishi, Nigerian Citizen, a 1948. Ita ce ta koma New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna ran 1 ga Janairu, 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta biyo ta ta tare a nan. New Nigerian ta yi zamaninta, babu mai ja. A hannun Malam Adamu Ciroma da Malam Mamman Daura da Malam Turi Muhammadu, sharhinta har masu mulki a Legas suna tsoronsa. Amma tun daga ran nan ƙanwa ta zama uwar ɗaki, ya kuwa ta koma 'yar rakiya. Labari sai a rubuta shi da Ingilishi tukuna, sa'an nan a miƙa wa mai fassara, shi kuwa ga gaggawa, sai ya bi kalma bayan kalma. Daga nan aka sami irin Hausar nan da ku ke gani yau, wadda kowane mutum a cikinta "ya bayyana cewa", ko "ya jaddada", ko "ya yi kira ga masu ruwa da tsaki". Ba wanda ke faɗi, ba wanda ke roƙo, ba wanda ke faɗa. Jimla ɗaya ta kan ɗauki suna da muƙami da wurin taro da ranar taro, kafin a kai ga abin da mutumin ya ce numfashi ya ƙare. Wannan Ingilishi ne sanye da babbar riga.

Gadon Imam kuwa wani gida ya faɗa. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, muryarsa ta kai har ƙasashen maƙwabta. Kwana 14 bayan fitowar New Nigerian, ran 15 ga Janairu, 1966, da aka kashe Sardauna, a gidan nan ne Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa, domin ya san inda kunnen jama'a ya ke. Mai magana a rediyo ba shi da damar ya rubuta jimlar da ba ta faɗuwa, bakinsa ne zai fara tona masa asiri. Shi ya sa shirye-shirye irin Jakar Magori da Zaɓi Sonka suka zauna a zukatan mutane.

Wanda ya fi burge ni cikinsu duka shi ne Samanja, wasan da marigayi Usman Baba Pategi ya yi ta yi a rediyo da talabijin. Hausarsa ta bariki ce, wadda malamin nahawu zai ja wa jan biro tun daga farko har ƙarshe. Amma ita ce Hausar da a ke ji a wannan gefen kogi, a Barnawa da Kakuri da Narayi, inda masaƙun da aka fara kafawa a 1957 suka tara Gbagyi da Bajju da Tibi da Ibo da Yarabawa, kowa da harshen uwarsa, Hausa ce ta ciniki da gaisuwa. Samanja ya saurari mutanen nan ya mai da musu maganarsu, suka yi dariya don sun ji kansu. Jaridar Hausa ta Kaduna ba safai ta ƙetaro gada ta yi irin wannan sauraro ba, ga shi kuwa nan akwai dubban masu karatu. (Abin dariya, har unguwa mu ke da ita a kudancin nan mai suna Talabijin, amma ba mu da mai suna Jarida.)

Sauran labarin gajere ne. Gwamnatin Tarayya ta karɓe New Nigerian a 1975, daga baya aka mayar wa jihohin Arewa, ta yi ta rarrafe har ta daina fitowa kasuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bi ta. Weekly Trust da ta fara a Kaduna a 1998 ta girma, amma sai ta ƙaura Abuja, a can ta haifi Aminiya a 2006. Yanzu labarin Hausa ya koma cikin waya, abin takaici kuwa ya tafi da ciwon fassarar nan tare da shi, har ma wasu masu karanta labarai a rediyo sun fara kamuwa.

Ga aikin da na ke so kowannenku ya yi a makon nan. Ku ɗauki labari ɗaya na Hausa, na jarida ko na waya, ku karanta wa kakarku ko wani dattijo na unguwa da ƙarfi. Duk inda ya tsai da ku ya ce, "Me ka ce?" ku ja layi a ƙarƙashin jimlar. Sa'an nan ku rufe takardar, ku faɗa masa abin da bakinku, ku rubuta shi kamar yadda kuka faɗa, ku kai wa malaminku duka biyun ya gwada.