Mai Walda da Ya Koma Gadin Tartsatsi

Duk wanda ya taso a ƙasar Karaye ko Rogo ya san rumfar mai walda. Tana bakin titi, ga tulin garemanin shanu da suka ƙare, ga amalanke mai karyayyar ƙafa, ga injinan ban ruwa na manoman rani da ke noma a gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. A irin wannan rumfa yaro yake fara sana'a da miƙa wa maigidansa sandar walda da kankare tsatsa. Sai ya shekara biyu ko uku kafin kunnensa ya gane kukan walda mai kyau, wanda yake fita cir-cir kamar ana tuyar ƙosai, da na marar kyau mai tsalle yana yankewa. Yana kuma koyon abin da ba a faɗa masa ba. Ranar da ya kalli hasken walda da ido tsirara, da dare zai kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido, domin hasken yana ƙona fatar ƙwayar ido. Daga ranar ba ya sake raina baƙin gilashi.

Wasu daga cikin yaran nan sukan gangara Kano, su shiga masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. Kaɗan daga cikinsu, bayan shekaru da tabon ƙuna a hannu, sukan ajiye sandar walda su yi kwas, su zama jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda ma'aikata ke kira masu sefti. Sana'a ce mai gindi a doka: Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, kuma tun 2014 akwai dokar da ta kafa cibiyar ƙwararrun wannan fanni, ISPON. Amma ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda irin wannan mutum yake aiki, musamman ranar da aka ce za a yi wa tankin fetur walda.

Abu na farko da ya sani, wanda mafi yawanmu ba mu sani ba: tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne idan ya gauraya da iska, kuma kaso ɗaya da rabi cikin ɗari ma ya isa. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya tafi, yakan kwanta a gindin tanki, ya maƙale a saƙo da cikin tsatsa, yana jiran tartsatsi guda. Don haka in aka ce masa tanki ya kwana bakwai a rana, ba ya jayayya, sai ya sa a wanke da ruwan zafi da sabulu, ko a busa masa tururin ruwa, a buɗe dukkan murafu. In ƙaramin tanki ne, a cika shi da ruwa har dab da inda za a ɗinke, a bar ƙofar da iska za ta fita.

Sannan ya ɗauko na'urar gwada iska, 'yar aba kamar wayar salula mai dogon tiyo. Yakan fara kunna ta a fili ya ga ta nuna iskar oksijin kusan kaso 21 cikin ɗari, wato yadda Allah ya yi iskar da muke shaƙa. In ta yi masa daidai a waje, sai ya zura tiyon cikin tanki a hankali: sama, tsakiya, sannan can ƙasa inda tururi ke kwanciya, kuma a kowane mataki yana dakatawa, domin iska tana ɗaukar lokaci kafin ta bi tiyo ta iso. Idan mutum zai shiga ciki, kuma oksijin ya gaza kaso 19.5, ba mai shiga. Hanci ba ya wannan aiki, domin wanda ya wuni cikin warin fetur ya daina jin sa.

Kafin nan ya riga ya je wajen makunnin famfon da ke tura mai cikin tankin. Ya kashe, ya saƙala kwaɗonsa, ya rataya takarda mai sunansa, ya jefa makullin a aljihu. Kowane ma'aikaci da zai taɓa wurin shi ma ya sa nasa kwaɗon, ta yadda inji ba zai tashi ba sai mutum na ƙarshe ya cire nasa. Daga nan ya dawo ya danna maɓallin tayarwa da gangan. Wannan dannawa tana burge ni ƙwarai. Ya kashe da hannunsa, ya kulle da hannunsa, amma sai inji ya ƙi tashi a gabansa zai yarda, don ya taɓa ganin makunnin da aka rubuta masa sunan wani injin daban.

Saura fili. Tartsatsin walda yana iya tafiya mita 11, ya gangara ta rami ko ƙarƙashin ƙofa. Sai ya auna da taku, ya sa a kwashe tsumma mai maiƙo da kwali da jarkoki, abin da ba ya ɗaukuwa a lulluɓe shi da bargon da ba ya cin wuta. In aikin na gas ne, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo yana duban kumfa, ya tabbata tukwanen gas suna tsaye a ɗaure da sarƙa, kuma babu ɗigon mai ko giris a bakin tukunyar oksijin, domin haɗuwarsu kaɗai tana tayar da wuta. In na lantarki ne, ya duba inda aka maƙala wayar da ke mayar da wuta. Malalacin mai walda yakan maƙala ta duk inda hannunsa ya kai, wutar ta bi ta sarƙoƙi da bututu tana neman hanya, ta yi tartsatsi inda ba wanda ke kallo. Shi kuwa sai ya matso da ita kusa da ɗinkin. Wanda bai taɓa riƙe sandar walda ba, da wuya idonsa ya kai nan. Sai bayan duk wannan yake sa hannu a takardar izinin aiki, a tsaye a wurin, alhali akwai masu sa hannu daga kan kujera ba su leƙo ba.

Idan ya zo gida hutun sallah, idon nan ba ya barinsa. Ya ga bel ɗin injin niƙa yana juyawa tsirara, yarinya na sunkuye da mayafi yana lilo kusa da shi, sai ya nemi rumfar tsohon maigidansa, ya yanka raga, ya ƙera murfi ya ɗaura. Ba ya yi wa mai injin faɗa. Yakan ce masa baba ko yaya, ya nuna masa da ƙyalle yadda bel ke fizga.

Can a masana'anta, mai walda ya gama, ya karkaɗe ɓawon ɗinki da guduma, ya tafi wanke hannu. Shi kuwa mai sefti yana nan zaune da abin kashe gobara da bokitin yashi, aƙalla rabin awa, wasu wuraren awa guda, saboda tartsatsin da ya faɗa cikin ƙura yakan yi ta cin ciki shiru kafin ya bayyana. Mai wucewa zai ɗauka hutawa yake. Lokaci-lokaci yakan tashi ya zagaya bayan tanki, ya leƙa magudana, ya kara bayan hannunsa kusa da ƙarfe. In ya ji ya huce, sai ya ƙirga mutanensa, ya je makunni ya buɗe kwaɗonsa.