Wawa, Ɗan Kama, Ko Ɗan Camama?

Duk ɗan wasan da ya ba mu dariya a fim, sunan sa ɗaya a bakin 'yan kallo: ɗan camama. Kalmar kuwa ba ta yabo ba ce, fim mai araha ake nufi, wanda aka haɗa a gurguje. Alhali Bahaushe bai taɓa zuba masu ban dariya a kwando ɗaya ba.

Wawan sarki shi ke iya faɗa wa sarki gaskiya a gaban fadawa, ya tashi lafiya, don ai "wawa ne". Ɗan kama a kasuwa yake sana'ar sa, ya kwaikwayi karatun malamai amma zancen duk na tuwo da nama. Ɗan gambara kuwa habaici da zambo ne makamin sa. Akwai kuma dariyar zumunci: a ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Guri, Bafillatani da Babarbare kowa na kiran ɗan'uwan sa bawa, kuma ba mai fushi.

Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, camama aka laƙaba masa, amma aikin wawan sarki ya yi. Da shigar baƙauye yake shiga inda mai hankali ke tsoro, ya tsokani mai kuɗi da mai mulki. Yawancin masu kwaikwayon sa hular da gwalon suka ɗauka, suka bar gaskiyar.

Furodusoshin mu, kafin ku ɗauki kyamara, ku tambayi kan ku: wane irin wawa za mu nuna?