Masu Kulle Waƙa A Akwati

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta masu tara tsofaffin faifai da kaset a ƙasarmu, tun daga Tursa har Rabah, Wurno da Goronyo, wadda ni dai ba ta kwanta mini ba. Mutum zai yi ta cika baki yana da waƙar Narambaɗa wadda ba kowa ya taɓa ji ba. Ka ce ya ba ka ka kwafa, sai ya ɗaure fuska kamar ka nemi gonarsa ta gado.

Na yarda sun sha yawo, sun kashe kuɗi. Ba don su ba da tuni wasu waƙoƙin sun bi ruwa. To amma Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa ya riƙa buga kotsonsa, fadawa da talakawa na ji. Ɗan Anace a tsakiyar filin dambe yake zuga Shago. Yaushe waƙarsu ta zama kayan ɗaki?

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, abin da aka ɗauka shi ke nan, babu ƙari. Ga shi kaset ba ya jure zafin Sakkwato: zaren ya manne, ƙura ta cinye murya, faifan garmaho kuma ya lanƙwashe. Ranar da maigida ya kwanta dama, wallahi yara ne za su zare zaren su yi wasa da shi a tsakar gida, alhali samarinmu suna ta jin guntun Bakandamiya mai shashshaƙa a waya.