Kwandon Sayayya a Shagunan Intanet: Tarken Ra'ayin Cewa Manhaja Ce Ke Hana Ciniki Faɗawa

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masu sayar da kaya ta intanet da masu gina musu shaguna, wanda ke cewa duk shagon da mutane ke shiga su fita hannu rabbana, to a tuhumi manhajar kwandonsa. Bisa wannan ra'ayi, maganin ƙarancin ciniki shi ne a tumɓuke manhajar da ake da ita a dasa wata. Maganar ba ta wasa ba ce, domin sauya manhaja kan ci kuɗi da watanni, kuma sau da yawa ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ne zai ji a jikinsa. Manufar wannan takarda ita ce mu ɗora wannan ra'ayi a kan ma'auni, mu duba hujjojin da ake kafawa, sa'an nan mu ware laifin da yake na manhaja daga wanda aka jingina mata.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi. In mun ce kwandon sayayya, muna nufin ɓangaren shagon intanet da ke riƙe wa mai saye abin da ya zaɓa, ya haɗa masa lissafi, ya kai shi har matakin biya. In kuwa mun ce faɗawar ciniki, mun aro kalmar ne daga bakin 'yan kasuwarmu, watau mai dubawa ya zama mai saye. Alal misali, idan mutum 1,000 suka leƙa shago, 20 suka biya, to ciniki ya faɗa da kashi 2 cikin ɗari ke nan.

2.0 Asalin Kwando

Kwandon da muke magana a kansa aro ne daga manyan kantunan Amurka. A shekarar 1937 wani ɗan kasuwa mai suna Sylvan Goldman, a birnin Oklahoma, ya fito da keken zuba kaya a kantunansa, saboda ya lura cewa da zarar kwandon hannu ya yi wa mutum nauyi sai ya daina ɗiba. Da farko jama'a sun ƙi abin: maza na ganin raini ne, mata kuwa na cewa ya yi kama da keken jarirai. Sai da ya ɗauki hayar mutane su riƙa tura keken cikin kanti suna yi kamar masu saye, kafin sauran su saki jiki. Tun daga tushe ke nan, kayan aikin shi kaɗai bai isa ba, sai da aka haɗa da shawo kan mutane.

Da ciniki ya koma intanet, sai aka tarar da wata matsala. Tsarin da shafuka ke tafiya a kansa ba ya tuna baƙo. Duk shafin da mutum ya buɗe, kamar yanzu ya iso ne. Saboda haka babu yadda za a yi shago ya san cewa wanda ya zaɓi takalmi a shafin farko shi ne ya zaɓi hula a na biyu. A 1994 ne Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, ya ƙirƙiro ɗan guntun bayanin nan da ake kira kuki, wanda ake ajiyewa a na'urar baƙo domin a shaida shi. Daga nan manhajojin kwando suka yi ta fitowa: osCommerce a 2000, Shopify a 2006, Magento a 2008, WooCommerce a 2011, da sauransu.

Abin lura a nan shi ne, da aka aro kwandon, an aro shi ne haɗe da ɗabi'ar kantin da ya fito. A wancan kanti farashi a rubuce yake, ba a tayi, ba a albarka, mai saye shi ke ɗibar wa kansa, kuma sai ya biya yake fita da kaya. Za mu dawo kan wannan batu a sashe na huɗu.

3.0 Hujjojin da Ake Kafawa

3.1 Kashi 70 cikin ɗari

Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce alƙaluman cibiyar Baymard da ke ƙasar Denmak, waɗanda ke nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na kwandunan da ake zuba wa kaya, watsar da su ake yi ba a biya ba. Da jin wannan adadi sai hankalin ɗan kasuwa ya tashi, ya ɗauka cewa bakwai daga cikin kowane abokan ciniki goma manhaja ce ta kore masa su.

Wannan fassara tana da rauni ta fuska uku. Na farko, adadin matsakaici ne da aka fitar daga bincike-bincike masu yawa, na shekaru daban-daban da shaguna iri-iri, don haka ba ya bayyana halin wani shago guda. Na biyu, ita kanta cibiyar ta bayyana cewa kaso mai tsoka na masu watsar da kwando ba su zo da niyyar saye ba tun farko. Kallo suke yi, ko kwatanta farashi, ko ajiye abu sai wata rana. Wanda ya shiga Kantin Kwari ya ɗaga atamfa ya duba ya mayar, ba za a ce mai rumfa ya yi asarar ciniki ba. Bambancin kawai shi ne a intanet akwai mai ƙirga irin wannan ɗagawa da mayarwa. Na uku, idan aka cire masu kallo aka tambayi sauran, dalilin da ke zuwa kan gaba shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe, watau kuɗin aike da haraji da sauran caji. Wannan kuwa shawara ce ta mai shago. Manhaja tana nuna abin da aka ba ta ne a lokacin da aka ce ta nuna. Wanda ya ɓoye kuɗin aike sai a shafin ƙarshe, sa'an nan ya koma yana zargin kwando, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

3.2 Labarin madanni guda

Hujja ta biyu labari ne da masanin nan Jared Spool ya bayar a 2009. Wani babban shago a Amurka yana tilasta wa kowane sabon mai saye yin rajista kafin ya biya. Da aka cire madannin rajista aka sa na ci gaba, tare da bayanin cewa ba dole ne a buɗe asusu ba, sai masu saye suka ƙaru da kashi 45 cikin ɗari, shagon kuma ya sami ƙarin dala miliyan 300 a shekarar farko.

Labarin yana da daɗin ji, shi ya sa ya bazu. Amma mai nazari zai lura cewa marubucin bai ambaci sunan shagon ba, kuma bai buga alƙaluman dalla-dalla yadda wani zai iya bin diddigi ba. Har ila yau, ko mun karɓe shi yadda yake, abin da ya tabbatar ya saɓa wa abin da ake kafa shi a kai. Ba a sauya manhajar shagon ba. Madanni ɗaya aka taɓa. Tilasta rajista buƙata ce ta masu son tara sunayen abokan ciniki domin talla. Shopify da Magento da WooCommerce duk suna ba da damar mutum ya saya a matsayin baƙo, sai dai in mai shago ne ya toshe hanyar da kansa.

3.3 Danni ɗaya

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi. A 1999 kamfanin Amazon ya sami takardar mallakar fasahar saye da danni ɗaya, wadda ke ba wanda ya taɓa saye damar yin odar kaya ba tare da ya bi ta kwando ba sam. A shekarar nan ya kai abokin hamayyarsa Barnes & Noble ƙara, kotu kuma ta dakatar da shi daga amfani da irin wannan tsari na ɗan lokaci. Kamfanin Apple ma sai da ya sayi izini a 2000. Wa'adin takardar ya ƙare a 2017. Kamfanoni ba sa kashe kuɗin lauyoyi a kan abin da ba ya kawo riba, don haka mun yarda cewa rage matakai yana da tasiri.

Duk da haka, danni ɗaya ba ya aiki sai ga wanda ya riga ya damƙa wa shago adireshinsa da lambar katinsa, ya kuma amince a ci gaba da riƙe su. Yarda ce ta rigaya, sauƙin ya biyo baya. Sabon shagon da ba a san shi ba, ko an ba shi wannan madanni kyauta, babu abin da zai danna da shi.

4.0 Inda Manhaja Take da Laifi

Kada a fahimce mu da cewa mun wanke manhaja tas. Shi kansa Shopify takaici ne ya haife shi: Tobias Lütke ya so buɗe shagon sayar da allunan wasan ƙanƙara a Kanada a 2004, bai sami manhajar da ta gamsar da shi ba, ya zauna ya rubuta tasa. A ganinmu, manhaja tana tauye ciniki a wuri ɗaya tak, watau inda ta yanke hukunci a kan wane ne mai saye, ta kuma hana mai shago gyara wannan hukunci. Wannan yana bayyana ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ƙulle matakin biya. Shekaru da yawa matakin biya na Shopify shafuka uku ne a jere, na bayani da na aike da na biya, kuma masu biyan kuɗin babban tsarin kamfanin ne kaɗai ke da ikon taɓa gininsa. Sai a 2023 aka fito da mai shafi ɗaya. Ƙullin yana da dalilinsa, domin a nan ne lambobin katin jama'a ke wucewa, kuma ɓarayi nan suke hari. Manhajojin da ake sauke wa kai, irin su Magento, suna ba da 'yanci, amma suna ɗora wa mai shago nauyin tsaro da gyara. Da aka daina kula da Magento na farko a watan Yuni na 2020, dole masu amfani da shi suka zaɓi tsakanin kuɗin ƙaura da zama cikin haɗari. Ke nan kowane ɓangare da irin tsadarsa.

Hanya ta biyu ita ce fom ɗin da aka ɗinka a kan jikin wani. Yawancin manhajojin nan an gina su ne da zaton mai saye yana da imel da yake buɗewa, da lambar gida a kan titi mai suna, da lambar gidan waya da ya haddace. A Nijeriya akwai lambar gidan waya mai alƙaluma shida, amma mutum nawa ne cikin wannan zaure zai iya faɗin tasa? Adireshin da yawa daga cikinmu kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, gida na uku daga rijiyar burtsatse. Abin da ɗan aike ke buƙata shi ne lambar waya da wannan kwatance. Fom ɗin da ya ƙi wucewa sai an cike gurbin da mutum ba shi da amsarsa ya kori mai saye da kuɗinsa a hannu.

Hanya ta uku ita ce yadda ake biya. Sayen abin da ba a gani ba Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna, cinikin biri a sama. Shi ya sa Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, suka jawo jama'a da tsarin sai kaya sun iso a biya. Konga ya dakatar da wannan tsari a 2017, sa'an nan ya dawo da shi a 2018 bayan kamfanin Zinox ya saye shi. Haka kuma kamfanoni irin su Paystack, wanda aka kafa a 2015, sun samu karɓuwa da yake sun haɗa biya da kati da tura kuɗi ta banki da danna lambobi a ƙaramar waya. Kwandon da ba ya karɓar irin waɗannan hanyoyi, ko da ya fi kowane kyau, bai dace da kasuwarmu ba.

Daɗin daɗawa, akwai ɗabi'ar kanti da muka ambata a sashe na biyu. A wurinmu ciniki magana ce: gaisuwa, tayi, albarka, ƙari, sallamawa, wani lokaci har da gyara. Kwando ya shafe duk wannan ya bar lamba. Abin sha'awa ne cewa da WhatsApp ya ƙara kwando a manhajarsa a ƙarshen 2020, sai ya sa abin da mutum ya zaɓa yana tafiya ga mai shago a matsayin saƙo. A nan kwando buɗe magana yake yi, ciniki kuma ya faɗa a cikin zance, kamar yadda aka saba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, amsar tambayar da muka faro da ita ita ce e, manhajar kwando tana iya tauye sauƙin amfani da shago, ta kuma rage ciniki, amma iyakar laifinta ta fi yadda ake zato ƙanƙanta. Biyu daga cikin hujjoji ukun da muka duba sun fi nuna hannun mai shago, ta ukun kuma ta dogara ne a kan yarda.

Saboda haka muna ba da shawarar cewa kafin ɗan kasuwa ya amince da sauya manhaja, ya duba matakin da mutane suke tsayawa. Idan a shafin da kuɗin aike ya bayyana ne, to ya faɗi kuɗin tun a gaban kaya. Idan a wurin rajista ne, ya buɗe hanyar baƙo. Idan ya zauna da mutum biyar ko shida, kowa da wayarsa, ya ga sun maƙale a gurbin da manhaja ta hana shi cirewa, ko sun rasa hanyar biyan da suka saba da ita, to a nan ne sauyi ya halatta. Ga malamanmu da ɗalibanmu na sassan kwamfuta da kasuwanci da harsuna kuwa, akwai aiki a gaba: a tattara alƙaluma daga shagunanmu na gida, a kuma gwada fom da aka rubuta da Hausa aka gina a kan adireshi da hanyar biya irin namu, domin nan gaba mu yi muhawara da ƙididdigar kasuwarmu.