Lamba Kurma: Sharhi a Kan Babin da Ke Kayar da Yaranmu

Mun saba idan aka ce sharhi, hankalinmu ya tafi kan ƙagaggen labari ko waƙa ko fim. Littafin lissafi kuwa sai mu bar shi ga malaman aji, kamar ba mutum ne ya zauna ya zaɓi kalmominsa ba. A ganina shi ma rubutu ne, yana da mai magana da wanda ake yi wa magana, kuma ana iya tuhumarsa da duk abin da ake tuhumar marubuci: ya yi bayani ko ya yi rufa-rufa, ya girmama mai karatu ko ya raina shi. Illarsa ma ta fi ta labari. Wanda ya karanta labari maras daɗi ya yi asarar yini guda. Yaron da babi ɗaya na aljabara ya ɗaure wa kai yana iya asarar shekara biyu ko uku, domin a Ghana wanda bai sami aƙalla C6 a lissafin dole na jarrabawar WASSCE ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, sai ya koma ya sake zama a jarrabawar ƙarshen shekara, da kuɗin iyayen da ba su da shi.

Babin da nake nufi shi ne wanda littattafan sakandare ke kira surds, wato lambobin da ke zaune ƙarƙashin alamar nan mai kama da ƙugiya, √, tare da ƙanensa, babin warware daidaiton da wannan alama ta shiga ciki. Na duba shi a littattafan share fagen jarrabawa da yara ke yawo da su daga Yendi zuwa Salaga, irin waɗanda suke kira pasko, tarin tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu. Mawallafan daban-daban ne, amma tafiyar iri ɗaya ce: layi biyu na ma'ana, dokoki huɗu ko biyar a cikin akwati, misali uku da aka warware, sai tambayoyi tuli guda. Kusan kowace jimla umarni ce. Sauƙaƙa. Warware. Kore saiwa daga lambar ƙasa. Muryar littafin muryar sajen ce a filin fareti, kuma ba kasafai za ka ga wurin da ta tsaya ta ce ga dalili ba.

A dubi wanda ake yi wa wannan magana. Yaro ne a Saboba, bakin kogin Oti, wanda a gida yake jin Likpakpaanl, harshen Konkomba, a kasuwa ya ji Hausa da Dagbani. Ko yarinya a Bawku da ta tashi tsakanin Kusaal da Hausar zango. Turanci shi ne harshensu na uku, wani ma na huɗu. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ɗauka don koyarwa a makarantun boko, duk da ita ce ke haɗa ciniki a zanguna tun daga Bawku har Kumasi. A 2002 ma an taɓa mayar da koyarwa Turanci zalla tun daga aji ɗaya na firamare, kafin daga baya a sassauta. To wannan yaro ne zai zauna da dare da fitilar waya, a gabansa √50, an ce ya sauƙaƙa ta. Ya san amsar da ke bayan littafi ita ce 5√2. Abin da bai sani ba, ta yaya lamba ɗaya da alama ɗaya suka zama lamba biyu da alama, sannan aka ce an sauƙaƙa. A idonsa an ƙara wahala ne. Littafin bai gaya masa cewa 50 ita ce 25 sau 2 ba, sai dai ya nuna a layi guda ya wuce, bai kuma ce manufar ita ce a fitar da duk abin da ke iya fita daga ƙarƙashin ƙugiyar a bar abin da ya ƙi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmomin kansu suna da labari, labarin kuma namu ne fiye da na Bature. Wajen shekarar 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ya rubuta ɗan littafinsa a kan hisabin jabru da muƙabala. Daga al-jabr aka sami aljabara. Ma'anar kalmar ita ce ɗori, irin wanda mai ɗori ke yi wa karyayyen ƙashi. A tsohon Sifaniyanci ma da wannan kalma ake kiran mai ɗorin. Idan an cire wani abu daga ɓangare ɗaya na sikeli, ɓangaren ya karye ke nan, sai a ɗora shi ta hanyar ƙara abin da aka cire a ɓangarorin biyu. Muƙabala kuwa ba sai an fassara wa Bahaushe ba, mun sha ganin ta malamai, sai dai ta al-Khawarizmi ta fi tasu saurin ƙarewa: a jera abubuwa masu kama da juna fuska da fuska, a soke wanda ya maimaitu. Abin da ake nema ya kira shi jazr, wato saiwa. Da aka juya littafin zuwa Latin a ƙarni na 12, saiwa ta zama radix, daga nan Turanci ya sami radical. Lambar da saiwarta ba ta fita daidai kuwa, irin 2 ko 3 ko 50, Larabawa suka ce da saiwarta asamm. Kurma. Masu fassara suka sa surdus, wanda shi ma kurma ne a Latin, ya gajarce ya zama surd ɗin da yaranmu ke haddacewa ba su san suna cewa kurma ba.

Wannan suna shi kaɗai rabin darasi ne. Ka tambayi 49 saiwarta, ta amsa maka 7. Ka tambayi 2, ka ce ɗaya ce? Ta yi kaɗan. Ɗaya da rabi? Ta yi yawa. 1.41? Saura ƙiris. 1.414? Har yanzu saura ƙiris. Ko za ka kwana kana tambaya ba za ta ba ka amsar da ta tsaya ba, kuma babu wata lamba bisa wata lamba da za ta yi daidai da ita. Amma tana nan, ana iya taɓa ta da hannu. Magini ya fitar da ɗaki ƙafa goma a ƙafa goma, ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, zai sami ƙafa goma sha huɗu da 'yan kai. Wannan 'yan kai ɗin da ba ya ƙarewa shi ne 10√2. Ana rubuta shi da ƙugiya ne saboda ita kaɗai ce hanyar faɗinsa cif ba tare da an yi ƙarya ba.

Shi dai maginin nan yana riƙe da maganin kuskuren da ya fi kowanne yawa a aikin gida. Yara da yawa idan suka ga √(9+16) sai su raba, su ce 3 da 4, bakwai. Littafi yana da doka a akwati cewa ana raba saiwa a wajen sau, ba a rabawa a wajen tarawa, yaro ya haddace yau ya manta jibi, don dokokin biyu a ido kamarsu ɗaya. Magini kuwa kullum da haka yake daidaita kusurwar gini: uku nan, huɗu can, igiyar tsakiya biyar. Wanda ya yanke ta tsakiyar fili ya fi wanda ya zagaya ta gefe saurin isa, kowane yaro ya san haka da ƙafarsa. Da an zana masa wannan sau ɗaya, bakwai ba za ta sake fitowa daga alƙalaminsa ba.

Haka batun kore saiwa daga lambar ƙasa. Ana sa yaro ya mayar da 1/√2 ta koma √2/2, ya yi ta yi har hannunsa ya saba, ba wanda ya ce masa don me. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Kafin zuwan na'urar lissafi, raba 1 da 1.414 da hannu aiki ne mai cin takarda, amma raba 1.414 gida biyu ko mai tallan ƙosai za ta yi shi da ka, ta ce maka 0.707. Dabara ce ta masu lissafi da alƙalami, ta kuma zama hanyar da kowa zai rubuta amsa iri ɗaya. Jimla biyu sun isa a faɗi wannan.

Sai wurin da na fi ganin rashin adalci, wato daidaito mai saiwa. A ce √(x+6) = x. Yaro ya bi umarni, ya ninka kowane ɓangare da kansa, ya sami x² = x + 6, ya warware, ya fito da 3 da −2. Bai yi kuskure ko ɗaya ba a hanya. Ya duba bayan littafi ya ga 3 kaɗai. Wasu littattafan sukan ce a gwada amsa, amma a matsayin ladabi, kamar wanke hannu bayan cin abinci. Alhali akwai abin da ya faru. Wanda ke bin sidi biyu da wanda ake bi sidi biyu mutane ne daban, amma da zarar ka ninka kowanne da kansa duka sun koma 4, bambancinsu ya ɓace. Ninkawar ce ta buɗe ƙofa baƙo ya shigo. Mayar da −2 cikin tambayar farko, hagu ya ba ka 2, dama ya ba ka −2, ba su haɗu ba, sai ka sallame shi. Yaron da ba a yi wa wannan bayani ba abin da yake koya shi ne, a lissafi kana iya bin doka sau da ƙafa kuma a ce ka faɗi. Daga nan ake fara jin "ni kaina ba na lissafi ba ne", daga bakin yarinyar da ke juya sidi zuwa sefa a kasuwar Bawku kafin ɗan canji ya gama latsa waya, ko yaron da ke lissafa ƙwaryar doya ɗari-ɗari a Saboba har da kuɗin mota da na dako.

Shi al-Khawarizmi da zance ya rubuta littafinsa, babu alama ko ɗaya. Ga yadda hanyarsa take, da misalina. Fili murabba'i da ba a san faɗinsa ba, haɗe da faɗin nan sau shida, sun ba da 40. Raba shida biyu, uku. Shimfiɗa zirin fili mai faɗin uku a gabas, wani a kudu. Yanzu saura 'yar kusurwa uku a uku, wato 9, kafin babban fili ya cika murabba'i. Cika ta: 40 da 9, 49. Gefen babban fili 7 ke nan. Cire ukun da ka ƙara, saura 4. Gwada: 16 da 24, 40. Wannan ne abin da littattafanmu ke kira cika murabba'i, sai dai sun riƙe sunan sun jefar da filin. Duk wanda ya taɓa ganin rabon gona zai bi wannan da sanda a ƙasa.

Kada a ɗauka ina kiran a koma ƙarni na tara. Littafin al-Khawarizmi yana da nasa nauyin. Saboda bai yarda da lambar da ke ƙasa da sifiri ba, sai da ya kasa daidaito gida shida, abin da yau layi ɗaya ke ɗauka, kuma tambayar da alama ke gamawa a taƙaice shi sai ya ci rabin shafi. Alamomi ci gaba ne na gaske. Amma a tuna tsawon lokacin da suka ɗauka: ƙugiyar saiwa ta fito a littafin Christoff Rudolff a 1525, layi biyun nan na daidai Robert Recorde ya kawo su a 1557, x ɗin da ta addabi kowa kuwa sai a 1637 Descartes ya zaunar da ita. Shekara ɗari takwas manyan masana suna faɗin abin da baki kafin su taƙaita shi. Mu kuma muna miƙa wa ɗan shekara sha biyar taƙaitawar a zangon karatu ɗaya, cikin harshen da bai gama mallaka ba.

Kuma ba a ce gidajenmu babu hisabi ba. Kusan rabin littafin al-Khawarizmi a kan wasiyya da gado yake. A zangon Salaga ko Yendi, malamin da ya karanta babin gado a Risala zai raba maka dukiyar wanda ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba: tumuni, sulusi biyu, sudusi, sudusi. Ya kawo su duka kan 24, ya ga kason ya kai 27, ya san an yi auli, ya mayar da asalin rabon 27 kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado. Jikansa na ɗaki na gaba yana kuka da lambar ƙasa, ba wanda ya gaya wa ɗayansu cewa aiki ɗaya suke yi. A Ghana ma harshe ya raba su, makaranta ta allo ce, ta boko sukul.

Laifin mawallafan pasko yana da iyaka, kasuwa suke bi, jarrabawa kuma amsa take saya. Nawa ƙorafin ya fi karkata gare mu masu rubutu da Hausa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya yi waƙa a kan talauci da zuwan Nasara, amma tun yana matashi ya rubuta littafin koyar da yadda ake tsara wasiƙa, don ya ga mutane na bukata. Bai ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci ga alƙalaminsa ba. A Ife, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da yara firamare shekara shida da Yarabanci, har da lissafi, kuma ba su kasa takwarorinsu ba. Mu da muke iya cika littafi uku da kishin Hajiya da amarya, shafi ashirin a kan saiwa da ɗori da lamba kurma bai fi ƙarfinmu ba. A rubuta shi da Hausar da ɗan zangon Bawku zai gane, a bar alamomin yadda suke a takardar jarrabawa, a sa kalmar Turancin a gefe don ya gane ta ranar da ya gamu da ita, a kuma karanta shi a murya a tura ta WhatsApp saboda iyayen da boko bai ratsa su ba amma sun san igiyar magini.