Ramin Ma'adinai a Ƙagaggun Labarai Biyu na Zamanin Biktoriya: Karatu Daga Jos

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta kwatanta littattafai biyu da aka rubuta a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila (1837–1901), wato Hard Times na Charles Dickens (1854) da King Solomon's Mines na H. Rider Haggard (1885). Ba a cika haɗa su a nazari ɗaya ba, domin na farko labarin ma'aikata ne a garin masaƙu, na biyu kuwa labarin kasada ne a Afirka. Amma a kowannensu, ƙololuwar labarin a cikin ramin ma'adinai take. Mai karatu da ya tashi a Jos Jarawa ko Bukuru, inda kududdufan kuza suke birjik, ba zai ɗauki wannan rami a matsayin adon labari kawai ba.

2.0 Ramin da ba a ga mahaƙansa ba

Ta fuskar zubi da jan hankali, Haggard ya fi. Allan Quatermain da abokan tafiyarsa biyu sun ratsa hamada da duwatsu har ƙasar Kukuana, tsohuwa Gagool ta kai su taskar lu'ulu'u, ta rufe su a ciki, ƙofar dutse ta murƙushe ta, su kuma suka kuɓuta da lu'ulu'u a aljihu. Da wuya mutum ya fara littafin ya ajiye.

Sai dai a lura da abin da marubucin ya yi shiru a kansa. Ramin nasa rumbu ne da aka tarar a cike. Waɗanda suka haƙa shi sun shuɗe tun tale-tale, kuma an danganta aikin ga baƙi na zamanin Annabi Sulaiman, ba ga 'yan ƙasa ba. Wannan shi ne tunanin da ya sauƙaƙa wa kamfanonin Turawa shigowa tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20 kamar su ne suka gano kuza, alhali tun kafin zuwansu maƙeran Liruwe suna narka ta suna fatauci da ita. A yi wa Haggard adalci: ya sa sarki Ignosi ya yi alwashin hana Turawa masu neman duwatsu shiga ƙasarsa. Amma wannan furuci bai hana taurarin labarin komawa gida da dukiya ba.

3.0 Ramin da aka bari a buɗe

Dickens ya kalli ramin ne daga ƙasa. Stephen Blackpool masaƙi ne a masana'antar Bounderby a Coketown. An kore shi, an kuma ɗora masa satar banki wadda Tom Gradgrind ya yi. Yana dawowa a ƙasa domin ya wanke kansa, sai ya faɗa tsohon ramin kwal da masu shi suka watsar ba tare da sun rufe ba. An ciro shi da sauran numfashi, ya yi bayanin cewa ramin ya ci rayuka lokacin da ake aiki a cikinsa, ga shi bai daina ci ba bayan an bar shi. A nan jigon littafin ya fito fili: riba ta tafi, haɗari ya zauna.

Ba sai an yi wa mutumin Filato sharhi ba. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa talakawa daga lardunan Arewa aikin haƙar kuza saboda buƙatun Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da yawa sun mutu. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, ramukan da kamfanoni irin su ATMN suka haƙa sun zauna cike da ruwa a gefen gonaki.

Duk da haka, Dickens yana da nasa rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Ya ƙera Stephen da haƙurin da ya wuce kima, ya sa shi ya ƙi shiga ƙungiyar ma'aikata, sannan ya mai da shugaban ƙungiyar, Slackbridge, ɗan baki mai tunzura jama'a. Ke nan ma'aikaci bai cancanci tausayin marubucin ba sai in shi kaɗai ne, kuma yana bakin mutuwa.